Eut ko eût? Muhawara kan plus-que-parfait du subjonctif a Faransanci

Nafisa: Assalamu alaikum malamaina. Ina neman a warware mini wani ƙulli a nahawun Faransanci. A jadawalin konjugezon, can ƙasan shafi, akwai lokacin da ake kira plus-que-parfait du subjonctif: que j'eusse parlé, qu'il fût venu da ire-irensu. Yaya ake gina shi, kuma yaushe ake amfani da shi? Sannan me ya raba "il eut fini" da "il eût fini", tunda a kunne duk ɗaya ne?

Mushe Ilya: Wa alaikumus salam Nafisa. Sunan ne mai tsawo, ginin ba shi da wuya. Kalma biyu ce: aikatau mai taimako, wato avoir ko être, a imparfait du subjonctif, sai ki biyo shi da participe passé na aikatau ɗin da kike so. Abin haddacewa ke nan kalmomi 12 ne.

Na avoir: que j'eusse, que tu eusses, qu'il eût, que nous eussions, que vous eussiez, qu'ils eussent.

Na être: que je fusse, que tu fusses, qu'il fût, que nous fussions, que vous fussiez, qu'ils fussent.

Da kin riƙe waɗannan, sauran cikawa ne. Parler ya ba ki que j'eusse parlé, finir ya ba ki que tu eusses fini, prendre ya ba ki qu'il eût pris. A ɓangaren être kuma, que je fusse parti, que nous fussions arrivés, qu'elles fussent venues.

In kalmomin suka kuɓuce miki a ɗakin jarrabawa, ga hanyar dawo da su. Ɗauki passé simple na "tu": tu eus, tu fus. Ƙara "se" a ƙarshe, kin sami eusse da fusse. Daga nan sauran suke fitowa da "ss" ɗinsu. Mutum na uku tilo ne kaɗai ya fita zakka: ba shi da "ss", sai malafa a kan u da t a ƙarshe. Malafa nake kiran accent circonflexe, don siffarsu ɗaya.

Sa'adu: Bari in gwada Mushe. Être: que je fusse été. Aller: que nous eussions allé. Avoir: que j'eusse eu. Daidai?

Malama Rakiya: Sa'adu, ɗaya ka ci cikin uku. Que j'eusse eu daidai ne. Sauran biyun ka zaɓi mai taimakon da ba nasu ba.

Être ba ya taimakon kansa. Avoir ne ke ɗaukarsa a duk lokutan da ake haɗa kalma biyu: j'ai été, j'avais été, saboda haka que j'eusse été, qu'il eût été. Aller kuwa na être ne, kuma participe ɗinsa yana bin mai aikin: que nous fussions allés, in mata ne zalla allées.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka faɗi aikatau ɗin a passé composé tukuna. In ka ce "je suis allé", to fusse ne. In ka ce "j'ai été", to eusse ne. Mai taimako ba ya sauyawa daga wannan lokaci zuwa wancan.

Masu tafiya da être su ne aller, venir, arriver, partir, entrer, rester, tomber, naître, mourir, devenir, revenir, parvenir, survenir da 'yan kaɗan irinsu, sai duk aikatau mai "se" a gabansa. Amma kada ka ce duk dangin venir haka suke: prévenir da subvenir na avoir ne, qu'il eût prévenu. Akwai kuma masu fuska biyu: monter, descendre, sortir, rentrer, retourner, passer. In mutum ne ya fita da kansa, qu'il fût sorti. In wani abu ya fitar, qu'il eût sorti les nattes.

Malam Ɗanjuma: Ni tambayar Nafisa ta ƙarshe zan ɗauka, don a nan gizo ke saƙar. Konjugezon ɗin ɗalibi mai ƙoƙari zai haddace shi a zama ɗaya. Inda maki ke zubewa a dikte shi ne eut da eût, fut da fût.

"Il eut fini" ba tare da malafa ba passé antérieur ne, na indicatif. Labari yake bayarwa na abin da ya faru tabbas, ya ƙare, wani abu ya biyo bayansa nan take. Yana zuwa bayan quand, lorsque, dès que, aussitôt que, après que. Misali: dès qu'il eut vendu son mil, il rentra au village. Da ya sayar da geronsa sai ya koma gida. An sayar, ba shakka.

"Il eût fini" da malafa shi ne namu. Yana zuwa bayan kalmomin da ke jawo subjonktif: bien que, quoique, avant que, sans que, à moins que, jusqu'à ce que, ko bayan aikatau na shakka, tsoro, so, nadama.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne mai da jimlar jam'i, domin a jam'i kunne na jin bambancin. Dès qu'ils eurent vendu. Bien qu'ils eussent vendu. In "eurent" ko "furent" ya zauna, ba malafa a tilo. In "eussent" ko "fussent" ya zauna, sa malafa.

Ki riƙe wannan tagwayen, sun fi kowane yawan fitowa:
après qu'il eut mangé
avant qu'il eût mangé
Bayan ya ci, an riga an ci, tabbas ne. Kafin ya ci, ba a kai ga cin ba tukuna.

Malama Rakiya: Malam Ɗanjuma, gwajin jam'i yana da kyau, amma ban yarda cewa ba ya ƙarya ba. Wanda kunnensa ya saba da eurent da eussent shi yake wa aiki. Yaronmu da bai taɓa jin ko ɗaya a bakin mutum ba, duka biyun baƙi ne a wurinsa, wanda ya zo masa kawai zai ɗauka.

Na fi son a sauko da jimlar zuwa Faransancin da yaro ya sani. A cire eut ko eût a gwada kalma uku: "a", "ait", "aurait". In "a" ta zauna, ba malafa: dès qu'il a vendu. In "ait" ta zauna, malafa: bien qu'il ait vendu. In "aurait" ta zauna, malafa ce ma. A ɓangaren être kuma a gwada "est", "soit", "serait".

Wuri ɗaya ne wannan gwajin ke cin amanar ɗalibi, wato après que. Faransawa da yawa a yau suna cewa "après qu'il ait mangé", har a rediyo ana ji, kunne ya saba. Nahawun makaranta kuwa indicatif yake nema. Saboda haka après que haddace shi ake yi: ba malafa.

Malam Ɗanjuma: Na karɓi gyara Malama. A haɗa biyun, wanda ya fi kama hannun ɗalibi ya yi aiki da shi.

Baba Lawali: Salamu alaikum jama'a. Bari dattijo ya sa baki a kan malafar nan, don yara su daina ganin ta kamar ado. Tsohon Faransanci "eust" da "fust" yake rubutawa. Harafin s ya daina fita a baki tun da daɗewa amma ya zauna a rubutu, har ƙamus ɗin Makarantar Harshe ta Faransa na 1740 ya cire shi a dubban kalmomi ya sa malafa a gurbinsa. Abin da ya mai da "teste" tête, "forest" forêt, shi ya mai da "fust" fût. Ke nan "ss" ɗin da ke cikin fusse da fussions bai ɓace a mutum na uku ba, hawa sama ya yi. Asalinsu kuma Latin ne: fuisset ya haifi fût, habuisset ya haifi eût.

Wani zai ce ai gyaran rubutu na 1990 ya yarda a cire malafa a kan i da u. Haka ne a kalmomi kamar coût da maître. Amma gyaran ya keɓe ƙarshen aikatau: nous fûmes, vous fûtes, qu'il fût, qu'il eût duk suna nan da malafarsu. Ya kuma bar ta a dû, mûr, sûr. Wanda ya rubuta "bien qu'il eut" ya kafa hujja da 1990, hujjarsa ba ta tsaya ba.

Nafisa: Allah ya ƙara girma Baba. Ginin na gane. Saura amfaninsa. Me ya sa marubuci zai ce qu'il eût compris ya bar qu'il ait compris?

Mushe Ilya: Tambayoyi biyu za ki yi wa jimla. Ta farko, babban aikatau na jimlar a wane lokaci yake, yanzu ko da? Ta biyu, aikin da ke bayan "que" ya riga babban aikin faruwa ko bai riga ba?

In babban aikatau na yanzu ne: je doute qu'il vienne, ina shakkar zai zo. Je doute qu'il soit venu, ina shakkar ya zo.

In babban aikatau na da ne, tsohuwar ƙa'ida ta ce kowanne ya ja baya taki ɗaya: je doutais qu'il vînt, na yi shakkar zai zo. Je doutais qu'il fût venu, na yi shakkar ko ya riga ya zo.

Na ƙarshen nan shi ne namu. Sharuɗɗa uku ne sai sun haɗu: akwai abin da ke jawo subjonktif, labarin na da ne, kuma aikin ya riga ya wuce kafin lokacin labarin. Kalmar "riga" ta Hausa tana taimakawa ƙwarai. In kika iya saka ta a fassarar, kina kan hanya. Bien qu'il eût payé, on lui refusa l'entrée: ko da yake ya riga ya biya, an hana shi shiga. Elle regrettait que son frère fût parti: tana baƙin cikin cewa ɗan'uwanta ya riga ya tafi.

Yana kuma fitowa bayan fifiko, da bayan le seul, le premier, le dernier: c'était le meilleur cheval qu'il eût jamais monté. Dokin da ya fi duk wanda ya taɓa hawa.

A nan Hausa ba ta ja mu zuwa ga daidai ba, shi ya sa abin ke yi wa yaranmu nauyi. Mu sigar da muke sawa bayan "kafin" ko "don" ba ta damu da lokaci ba. Kafin ya gama zan tafi, kafin ya gama na tafi: "ya gama" bai motsa ba. Faransancin littafi kuwa sai ya motsa shi.

Habu Tafinta: Mushe ya faɗi aikinsa na farko. Akwai na biyu, kuma mai karanta littattafai shi zai fi cin karo da shi. Wannan sigar dai, ba tare da "que" ba, tana tsayawa a madadin conditionnel passé. Littattafan makaranta na kiran ta conditionnel passé deuxième forme. Il eût aimé daidai yake da il aurait aimé. Elle fût venue daidai yake da elle serait venue.

A nan kam Hausa ce ke buɗe ƙofa. Muna cewa: da ya sani, da ya zo. "Da" a farko, "da" a ƙarshe, siga ɗaya a ɓangarorin biyu. Faransancin littafi ma haka yake iya yi: s'il eût su, il fût venu. Na yau da kullum kuma ya ce s'il avait su, il serait venu. Ana ma gauraya su, duk an yarda: s'il avait su, il fût venu, ko s'il eût su, il serait venu. Wanda ba a yarda da shi ba guda ɗaya ne, "s'il aurait su". Aurait ba ya bin "si" na sharaɗi, eût kuwa yana bi.

Saboda haka in kin ga eût ko fût da participe, babu "que" a gabansa, babu kalmar da ke jawo subjonktif, ki fara gwada "da... da" a Hausa.

Akwai maganganu da suka daskare a wannan siga, har a jarida ana samun su:
on eût dit un marché, sai ka ce kasuwa
qui l'eût cru ? wa zai yi zaton haka?
il eût mieux valu se taire, da an yi shiru da ya fi
il eût fallu partir tôt, kamata ya yi a ce an tafi da wuri
n'eût été la pluie, ba don ruwan sama ba
comme s'il eût vu un lion, kamar wanda ya ga zaki

Ga wani tarko kuma ga mai fassara, inda wakilin suna ya koma bayan aikatau. "À peine eut-il parlé que tous se levèrent": yana gama magana kowa ya miƙe. Ya yi maganar, ba malafa. "Eût-il parlé, personne ne l'aurait cru": ko da ya yi magana, ba wanda zai yarda da shi. Bai yi maganar ba. Alamar nan 'yar ƙarama ita ta raba wanda ya yi magana da wanda ya yi shiru, kuma in mai fassara ya tsallake ta ya juya labarin gaba ɗaya.

Sa'adu: To malamai, gaskiya ina da ja. Ba wanda ke magana da wannan a titin Yamai, ba wanda ke yi a Faris. Ga shi kundin da Nijar ta kafa a 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki tare da Ingilishi. Me zai sa a ci gaba da wahalar da ɗalibi da eussions da fussiez?

Malam Ɗanjuma: Rabin maganarka ina tare da kai Sa'adu. A baki wannan lokaci ya mutu, kuma su kansu masu harshen sun sassauta. Dokar ma'aikatar ilimin Faransa ta 28 ga Disamba 1976, zamanin minista René Haby, ta ce a jarrabawa kada a ɗauka kuskure ne in ɗalibi ya sa présent a inda tsohuwar ƙa'ida ke neman imparfait du subjonctif, ko ya sa passé a inda take neman plus-que-parfait. Wato je doutais qu'il ait compris ya wadatar. Ra'ayina, ɗalibin da ke rubuta wasiƙar neman aiki ko rahoto kada ya kusanci eusse. Que vous eussiez reçu ma lettre a cikin wasiƙar ofis nauyi kawai yake ƙara mata. Lokacin aji kaɗan ne, gara a kashe shi a kan subjonctif présent da passé, waɗanda yara ke buƙata kullum kuma har yanzu suke tuntuɓe a kansu.

Baba Lawali: Malam Ɗanjuma, a kan rubutu ban saɓa maka ba. A kan karatu ne nake ja, kuma da ƙarfi. Dokar 1976 ta sauƙaƙa wa mai rubutu, ba ta goge abin da aka riga aka rubuta ba. Adabin Faransanci na ƙarni na 17 zuwa na 20 cike yake da eût da fût, har da na marubutan Afirka da suka yi karatu a tsohon tsari. Ɗalibin tarihi da zai buɗe rahotannin zamanin mulkin mallaka a kan Damagaram ko Gobir, da ɗalibin shari'a mai karanta tsofaffin hukunce-hukunce, duk za su same shi. Wanda ya karanta "le chef eût accepté" ya fahimci sarki ya yarda, alhali cewa aka yi da sarki ya yarda in da an yi kaza, ya karanta tarihin da bai faru ba. Wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce.

Abin da nake ba da shawara: mutum na uku, tilo da jam'i, a koyar da shi sosai, eût, fût, eussent, fussent. Labari da "shi" da "su" ake ba da shi, don haka su ne suka cika littattafai. Je da tu da nous da vous a nuna su sau ɗaya a allo don a ga tsarin, a wuce.

Malama Rakiya: Ina bayan Baba, da ƙari ɗaya. Ɗalibin da ke rubuta labari da passé simple, shi kam yana da dalilin amfani da shi. Bien qu'il eût plu toute la nuit, ils prirent la route ya zauna daram. In ka sa "bien qu'il ait plu" kusa da "ils prirent", ba laifi ba ne, amma mai kunne zai ji an haɗa riga da wandon da ba nata ba. Ƙa'idar aiki ita ce kada a gauraya: in an ɗauki salon littafi a riƙe shi har ƙarshe, in an ɗauki na yau da kullum a riƙe shi.

Sa'adu: Na gamsu da batun karatu. To yaya korewa, da wakilan suna irin le, lui, en?

Mushe Ilya: Kamar passé composé sak. Duk abin da zai faru, a jikin mai taimako yake faruwa. Ne da pas su sa shi tsakiya: que je n'eusse pas compris, qu'il ne fût jamais revenu. Wakilan suna su shiga gabansa: que je le lui eusse donné, qu'il ne nous en eût pas parlé. Personne kuwa yana tsallakawa bayan participe: qu'il n'eût vu personne, amma qu'il n'eût rien vu.

A kula da "ne" da ke zuwa ita kaɗai bayan craindre, avant que, à moins que, de peur que. Ba korewa ba ce. Je craignais qu'il ne fût parti: ina tsoron ko ya riga ya tafi. Je craignais qu'il ne fût pas parti: ina tsoron ko bai tafi ba. "Pas" ce ke kore magana a nan.

Malama Rakiya: Sai daidaita participe, inda sauran makin ke tafiya. Da être yana bin mai aikin: qu'elle fût née, qu'ils fussent morts. Da avoir ba ya bin mai aikin ko kaɗan, sai dai abin da aikin ya faɗa wa kai tsaye, in ya gabace shi. Qu'elle eût écrit les lettres, ba ƙari. Bien qu'elle les eût écrites, an ƙara "es" don "les" ta riga zuwa.

Masu "se" su ne masu wuya. Être suke ɗauka, amma lissafinsu irin na avoir ne. Ka tambayi kanka, "se" ɗin nan ita aikin ya faɗa wa kai tsaye? Qu'elle se fût lavée, ta wanke kanta, an daidaita. Qu'elle se fût lavé les mains, hannuwa ta wanke kuma sun zo a baya, ba a daidaita ba. Qu'ils se fussent parlé, ba "s", don parler à quelqu'un ake cewa. Haka se téléphoner, se sourire, se succéder, se plaire.

Uku kuma ba sa motsi: fait in infinitif ya biyo shi, kamar la maison qu'il eût fait construire, aikatau marar mai aiki na gaske, kamar les efforts qu'il eût fallu, da wanda "en" ta gabata, bien qu'il en eût acheté.

A duba participe ɗin kansa ma. Devoir yana ba da qu'il eût dû, malafa biyu a jere, amma ta dû tana faɗuwa a due da dus. Croire ya ba da cru, croître ya ba da crû. Plaire da pleuvoir duka "plu" suke bayarwa, ma'anar jimla ce ke raba su.

Habu Tafinta: Ƙarin abu ɗaya da ke rikita masu nazarin jimla. Ba duk "fût" da participe ne plus-que-parfait ba. Qu'il fût parti shi ne, don partir na être ne. Qu'il fût puni kuwa imparfait ne na sigar wanda aka yi wa aiki, don punir na avoir ne: a hukunta shi. In ana son plus-que-parfait na wannan siga kalma uku ake jerawa, qu'il eût été puni, an riga an hukunta shi. Le juge ordonna qu'il fût libéré, alƙali ya ba da umarni a sake shi. Le juge s'étonna qu'il eût été libéré, alƙali ya yi mamakin an riga an sake shi.

Nafisa: Furucin fa? Kuma a waya ban san inda û take ba.

Mushe Ilya: Eût wasali ɗaya ne tak, e ɗin ba ya fita. Ki tsuke leɓɓa kamar za ki ce "u", harshe kuma ya tsaya inda yake tsayawa in za ki ce "i". Hausa ba ta da wannan sauti, shi ya sa ake jin wasu na cewa "i" wasu "u". Eusse, eusses da eussent furucinsu ɗaya, "ent" ba ya fita. T na eût da fût yana farkawa in wasali ya biyo: a qu'il eût été ana jin t ta manne da été. A qu'ils eussent kuma s na ils tana fita kamar z. F na fusse haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Namu na Hausa da leɓɓa biyu muke yin sa, a Hausar yamma ma yana karkata zuwa "hw", don haka sai an kula.

A waya ki danne u ki riƙe, û za ta fito cikin zaɓi. A kwamfuta mai allon AZERTY maɓallin malafa na dama da P, ki taɓa shi sannan ki taɓa u. A Windows kuma riƙe Alt ki buga 0251 a lambobin gefe. Kada ki dogara da manhajar gyaran rubutu a nan, don eut da eût duka kalmomi ne ingantattu, sau da yawa ba ta ja layi a ƙarƙashin ko ɗaya.

Nafisa: Na gode ƙwarai malamaina. Ga gwajina, a duba mini.
1. Le maître doutait que les élèves eussent compris.
2. Bien qu'elle fût arrivée tôt, elle ne trouva pas de place.
3. Après qu'il eût fermé la boutique, il alla à la mosquée.
4. C'était la plus belle natte qu'il eût jamais tissée.
5. Je regrettais qu'elles se fussent parlées si durement.
6. S'il eût plu en juin, le mil eût poussé.

Malam Ɗanjuma: Madalla Nafisa. Ta 1, ta 2, ta 4 da ta 6 ba abin taɓawa. Ta 4 ma kin kama "tissée", don natte ta gabaci aikatau. Ta 6 kuma ita ce "da an yi ruwa a watan Yuni, da gero ya fito".

Ta 3 cire malafa. Ya rufe shagon da gaske kafin ya nufi masallaci, kuma après que ce: après qu'il eut fermé. A jam'i après qu'ils eurent fermé.

Malama Rakiya: Ta 5 kuma fussent ɗin daidai ne, participe ne ya ɗauki kayan da ba nasa ba. Magana suka yi wa juna, parler à, don haka qu'elles se fussent parlé, ba "es". In kina son ganin inda "es" ke zama, sauya aikatau: qu'elles se fussent insultées, don insulter quelqu'un ake cewa kai tsaye. Sake rubuta ta 3 da avant que a maimakon après que ki turo, mu ga abin da zai sami malafar.

Nafisa: Le client arriva avant qu'il eût fermé la boutique.

Malama Rakiya: Daidai. In kin so ki ƙara "ne" ɗin nan da Mushe ya ambata, avant qu'il n'eût fermé, ma'anar ba ta sauya ba.